Yadda ake amfani da htop wajen gano abin da ke cinye ƙarfin kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kula da kwamfuta mai aiki da Linux ya san irin ranar da na'ura za ta yi nauyi ba gaira ba dalili, fanka ta kama ruri, umarnin da aka saba ganin amsarsa nan take ya koma sai an jira shi. Idan kwamfutar tana gabanka da allonta, da sauƙi, amma idan saba ce, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet, da ke wata ƙasa, wadda ba ka iya shigarta sai ta hanyar ssh, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, to ba ka da abin kallo sai baƙin allon taminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, da rubutun da ke cikinsa. A irin wannan hali ne ake neman htop, manhajar da ke nuna duk ayyukan da ke gudana a cikin na'ura, da irin kason da kowannensu yake ci na firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta.

Kafin htop akwai top, wadda William LeFebvre ya rubuta a 1984, kuma har yau da wuya a sami Linux ɗin da ba ta cikinsa. Abin da Hisham Muhammad, wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Brazil, ya ƙara lokacin da ya fito da htop a 2004 shi ne sauƙin karantawa da sauƙin sarrafawa: launuka, damar hawa da sauka cikin jerin ayyuka da maɓallan kibiya, da damar tsayar da aiki ba tare da an kwafe lambarsa da hannu ba. Siga ta 2.0 da ta fito a 2016 ta kai manhajar kan FreeBSD da OpenBSD da macOS, sannan a 2020 wasu masu sa kai suka karɓi kulawa da ita suka fitar da siga ta 3.0. Bayanin da ke tafe ya dace da sigogi na 3, waɗanda su ne a yawancin na'urori yanzu.

Saka ta ba ya ɗaukar lokaci. A kan Ubuntu ko Debian ana rubuta sudo apt install htop, a kan Fedora sudo dnf install htop, a kan Arch sudo pacman -S htop, masu macOS kuma da ke amfani da Homebrew sai su rubuta brew install htop. Bayan haka a rubuta htop kawai a danna Enter. Idan an gama, harafin q ko F10 ne ke fitar da mutum.

Allon ya kasu gida biyu, kuma shawarata ita ce a daure a karanta na sama tukuna, duk da cewa ido ya fi son ya faɗa kan jerin da ke ƙasa. Sandunan da ke da lamba a gefensu suna wakiltar ƙwayoyin firosesa ne, wato sassansa da kowanne ke iya yin aiki shi kaɗai, kowace ƙwaya da sandarta. Launin kore a cikinsu aikin manhajojin masu amfani ne, ja kuma aikin da zuciyar tsarin, wato kanel, take yi da kanta, shuɗi kuwa na ayyukan da aka rage wa fifiko ne. Idan aka ga sanda ɗaya ta cika taf alhali sauran suna hutawa, wannan alama ce ta cewa wata manhaja guda ce da ba ta iya raba aikinta take ta fama, don haka ƙara wa na'urar ƙwayoyi ba zai magance komai ba.

Sandar Mem ita ce ta fi ruɗa sababbin shiga, saboda sau da yawa takan nuna kamar ta kusa cika ko da na'urar lafiyarta ƙalau. Dalili shi ne Linux ba ya barin RAM ya zauna banza, yakan ajiye kwafin fayilolin da aka karanta kwanan nan a cikinsa domin kada sai an sake komawa faifai, kuma da zarar wata manhaja ta buƙaci wurin sai ya sakar mata. Wannan ajiya ita ce ɓangaren da ke da launin rawaya. Ɓangaren kore shi ne wanda manhajoji suka riƙe da gaske, kuma shi ya kamata a duba tare da lambar da ke ƙarshen sandar. Ƙasa da ita akwai Swp, wato sashen faifai da tsarin ke arowa idan RAM ya gaza. Ganin ɗan abu kaɗan a cikinsa ba abin tashin hankali ba ne, amma idan koren Mem ya cika kuma Swp yana ta hauhawa a kan idonka, to an kama bakin zaren, domin faifai ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba, kuma wannan kai-komo tsakaninsu shi ke sa na'ura ta riƙa jan ƙafa.

A gefen dama akwai layin Load average da lambobi uku, waɗanda ke nuna matsakaicin yawan ayyukan da ke aiki ko suke jiran layi a cikin minti 1, minti 5 da minti 15 da suka wuce. Lambobin ba su da ma'ana sai an auna su da yawan ƙwayoyin firosesa. Lamba 4.00 a kan na'ura mai ƙwaya 4 tana nufin kowace ƙwaya tana da aiki kuma babu mai jira, amma wannan lambar a kan na'ura mai ƙwaya ɗaya tana nufin aiki uku na tsaye a layi. Idan lambar farko ta fi ta uku girma sosai, matsalar yanzu ta fara, idan kuma ta uku ce babba, ƙurar ta fara lafawa. Akwai wani abu da Linux ya keɓanta da shi a nan: yana lissafa har da ayyukan da ke jiran faifai, shi ya sa ake iya ganin lambar ta haura alhali sandunan firosesa kusan babu komai a cikinsu.

A jerin da ke ƙasa, kowane layi aiki ne guda. PID lambarsa ce, USER mai shi, Command kuma umarnin da ya tashe shi. Daga cikin ginshiƙan RAM guda uku, RES ne abin dogaro, domin shi ne ainihin abin da aikin ya riƙe a wannan lokaci. VIRT yakan nuna lambobi masu ban tsoro, har ya zarce duk RAM ɗin na'urar, alhali galibinsa wurin da aikin ya yi wa kamu ne kawai bai taɓa shi ba. CPU% ana auna shi ne da ƙwaya ɗaya, saboda haka aikin da ya nuna 250 yana cin ƙwaya biyu da rabi ne, ba kuskure ba ne. Idan aka ga manhaja ɗaya, kamar Firefox ko MySQL, ta maimaita kanta a layuka da yawa masu RES iri ɗaya, waɗannan rassan aiki guda ne masu tarayya a kan RAM ɗaya, bai kamata a tara lambobinsu ba. Danna babban harafin H yana ɓoye su, allon ya yi sarari.

Ƙaramin ginshiƙin nan mai taken S, wanda mutane da yawa ba sa kula shi, yana faɗin halin da aiki yake ciki. R na nufin yana gudana, S yana barci yana jiran a tashe shi, wanda shi ne halin mafi yawan ayyuka. D na nufin yana jiran faifai ko wata ma'ajiya da ke kan hanyar sadarwa, kuma ba ya jin kira har sai abin da yake jira ya zo. Z kuma aiki ne da ya riga ya mutu amma wanda ya haife shi bai karɓi rahoton mutuwarsa ba. Irin wannan ba a iya kashe shi, tunda ba shi da rai, sai dai a nemi uwar aikin a sake tashinta.

Ga yadda binciken yake tafiya a aikace. A ce saba mai ƙwaya 2 ta yi nauyi, an buɗe htop an ga Load average ya kai 6, sandunan firosesa kuma ba su wuce kwata ba. Danna babban P, wanda ke jera ayyuka bisa cin firosesa, ba zai nuna mai laifi ba a nan. Sai a danna babban M a jera su bisa RAM, idan nan ma babu wanda ya wuce gona da iri, a koma kan ginshiƙin S a nemi masu harafin D. Da an ga, misali, tar ko rsync, manhajojin tattara fayiloli da kwafe su, a cikinsu, sai a danna F5, jerin ya koma siffar bishiya, kowane aiki a ƙarƙashin wanda ya tashe shi, a nan ne za a ga cewa cron, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, shi ne ya tayar da aikin kwafe bayanai da rana tsaka. F4 tana tace jerin ya rage sai layukan da ke ɗauke da kalmar da aka rubuta, F3 kuma tana kai mutum kan kalmar ba tare da ɓoye sauran ba. Wanda ke da siga ta 3.2 ko sama da haka yana iya danna Tab ya shiga shafin I/O, inda ake ganin yawan abin da kowane aiki yake karantawa da rubutawa a faifai.

Sai maganar F9, wadda ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan. Idan aka danna ta a kan wani aiki, jerin saƙonni yakan fito a hagu, kuma wanda aka riga aka zaɓa shi ne lamba 15, SIGTERM. Wannan roƙo ne ga aikin da ya rufe fayilolinsa ya kammala abin da ke hannunsa ya fita da kansa. Lamba 9, SIGKILL, ba ta jiran komai, kanel ce ke cire aikin nan take, sai dai idan yana cikin halin D. Na taɓa aika lamba 9 ga wata manhajar rumbun bayanai saboda gajen haƙuri, tana tsakiyar rubutu, na kwana ina gyaran teburin da ya lalace, alhali da na ba ta minti biyu da ta rufe da kanta. Saboda haka a fara da 15, a jira, a sake dubawa, kada a taɓa 9 sai aikin ya ƙi ji. Sau da yawa ma kashewar ba ta zama dole ba: F8 tana ƙara lambar NI ta aikin, wato lambar fifikonsa, wadda ke tsakanin -20 da 19, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon yadda aikin zai riƙa ba wa sauran hanya. F7 tana yin akasin haka, amma sai an buɗe htop da sudo, umarnin da ke ba mutum ikon mai kula da na'ura, kamar yadda taɓa aikin wani mai amfani ma yake buƙatar sudo.

Allon yana sabunta kansa duk bayan daƙiƙa ɗaya da rabi. Idan intanet ɗin da ake shiga sabar da shi ba shi da ƙarfi, htop -d 50 zai mayar da sabuntawar duk daƙiƙa 5, domin ana ƙirga lambar ne da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Umarnin htop -u tare da sunan mai amfani yana nuna ayyukansa shi kaɗai. F2 kuma tana buɗe wurin gyare-gyare, inda ake ƙara ginshiƙai ko sauya launuka, kuma duk abin da aka zaɓa yana shiga fayil ɗin ~/.config/htop/htoprc, wanda ake iya kwafewa zuwa wata na'ura. Abin da htop ba ta yi shi ne ajiye tarihi, tana nuna abin da ke faruwa yanzu ne kawai, don haka wanda sabarsa ke yin nauyi da ƙarfe uku na dare yana barci sai ya haɗa da atop ko sar, waɗanda ke rubuta awon na'ura a fayil domin a duba da safe.