Yadda nake samun furen firisiya a tsakar gidana a Aboabo, Kumasi

Shekarar da na fara shuka firisiya, wata shuka mai fure mai ƙamshi, ganye kawai na samu, dogaye sirara kamar na albasa, ko fure ɗaya babu. Ƙanwata ce ta aiko min da ƙwayoyin daga Holand, na binne su a gindin katanga a watan Maris, ina ta zuba musu ruwa kamar alayyafo. Ashe zafi ne ya hana su.

Asalin firisiya daga yankin Kef na Afirka ta Kudu take, inda ruwan sama ke sauka a lokacin sanyi. Can take tsirowa da sanyi, ta yi fure, zafi na shigowa ta bushe ta kwanta barci cikin ƙasa. Don ta ɗauki fure, tana son ƙasar da take ciki ta yi sanyi kamar digiri 15. Mu kuwa a Kumasi, ko da hunturu da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 18. To, dabarar duk tana ga yadda za ki sanyaya mata gindi.

Abu na farko, lokaci. Ki shuka a farkon Nuwamba, domin tana ɗaukar wata 3 zuwa 4 kafin ta yi fure, kuma kina so ta riga zafin Maris.

Na biyu, kada ki sa ta a ƙasa, kada ki sa ta a bokitin roba. Ki je Pankrono wajen masu ginin tukwane ki sayi biyu, babba da ƙarama, a huda gindin kowace. Ki jera 'yan duwatsu a cikin babbar, ki ɗora ƙaramar a kai, sannan ki cika tsakaninsu da yashi. Kullum safe da yamma ki jiƙa yashin. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shan ruwan ta jikin tukunya, sanyi ya shiga ciki. Yadda randa ke sanyaya ruwa ke nan. Da irin wannan dabarar ce Malam Mohammed Bah Abba na Najeriya ya sami kyautar Rolex a 2000, shi don adana tumatir da yalo ya yi, ni kuma na ara wa furena. Ki lura, yashin za ki jiƙa, ba ƙasar shukar ba. Nan ne yarana suka sha ɓata min aiki.

Ƙasar cikin ƙaramar tukunya kuwa, baƙar ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, da ɗan takin da ya ruɓe sosai. Ƙwayar kamar 'yar albasa take, mai tsini a kai. Tsinin ya kalli sama, zurfin santimita 5, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar yatsu uku. Ki ba ta ruwa sau ɗaya, ki ƙyale ta sai ta huda ƙasa. Yawan ruwa kafin tsiro ruɓar da ita yake yi. Bayan nan, sai kin taɓa kin ji saman ƙasar ya bushe.

Ni ruwan sama nake tarawa a duro tun Oktoba. Firisiya ba ta shiri da sinadarin fulorayid da akan samu a wani ruwan, yana ƙona mata bakin ganye, shi ya sa ma ba na sa mata takin zamani na sufa, don shi ma yana ɗauke da shi.

Rana kuma ta safe kawai. Ƙarfe 10 na yi, inuwa ta rufe ta. Tawa tana gabas da ɗakin girki, nesa da murhu. Ganyen na kai tsawon taki ɗaya zai fara kwanciya, sai ki soka siraran gora ki zagaye da zare. In kin ga ƙananan ƙwari sun manne a ƙasan ganye, ruwan sabulu mara ƙarfi ya ishe su.

Ba zan ruɗe ki ba, 'yar'uwa: cikin ƙwaya 10 da na shuka bara, 4 ne suka yi fure. Amma da kan sandar ya lanƙwashe, furannin suka jeru suna kallon sama, ƙamshin har zaure ake jin sa. Maƙwabciyata ta ɗauka sabon turaren wuta na sayo a kasuwar Kejetia. In za ki yanka ki sa a kwalba, ki yanka lokacin da furen farko ya fara buɗewa, kuma ki nisanta shi da nunanniyar ayaba, iskar da take fitarwa tana kakkaɓe fure.

Fure na ƙarewa kada ki yanke ganyen. Ki bar shi ya yi rawaya da kansa, da shi ƙwayar ke cika cikinta. Sannan ki daina ba ta ruwa, ki tone, ki shanya a inuwa, ki zuba a jakar takarda. Tana buƙatar zafi kamar digiri 30 na wajen wata 3 kafin ta farka daga barci. Turawa sai sun hura mata ɗaki, ni a saman kwaba nake ajiye tawa har Nuwamba ta zagayo.