Yadda Ake Shawo Kan Maigidan da Ya Ƙi Rigakafi

Ke ma'aikaciyar rigakafi, idan maigida ya ce ba za a ɗiga wa 'ya'yansa maganin shan inna ba, kada ki fara da zaro masa alƙaluma. Tsoro ne ke magana, kuma yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, wasu suka rasu. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa. Dattijo bai manta ba.

Ni nakan ce, "Baba, barka da hutawa," in bar shi ya amayar da abin da ke ransa tukuna. Yawanci tambayarsa ɗaya ce: don me wannan kyauta, na zazzaɓi kuwa sai an saya? Tambaya ce mai ma'ana, ki gaya masa hakan.

Kada ki ja da shi a gaban matansa. Ko ya gamsu, girma ba zai bar shi ya janye ba. Ki tafi, gobe ki dawo da liman ko mai unguwar da aka ɗiga wa jikokinsa a bainar jama'a.