Yadda na gyara matsalar baƙin farce bayan gudu

Farcen babban yatsan ƙafata ya riƙa yin baƙi duk sanda na wuce kilomita 10, musamman a gangara. Jini ne ke taruwa a ƙarƙashinsa, don ƙafar tana zamewa gaba tana dukan bakin takalmi a kowane taku.

Ƙafa tana ɗan kumbura idan gudu ya yi nisa, shi ya sa na gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar gudu, na ƙara rabin lamba a girmansa. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi.

Amma ɗaurin igiya ne ya fi yi mini aiki. Ramin igiyar nan na can saman takalmi da mutane ke bari a banza, shi ne maganin. Zura kowace igiya a ramin gefenta daga waje, ka bar ɗan kunne, sannan ka tsallaka da ita cikin kunnen ɗaya gefen. Ja ƙasa, ka ɗaure. Diddige zai zauna daram. Kada dai ka matse tsakiyar ƙafa, yatsu za su fara yi kamar sun mutu.

Farcen kuma a yanke shi a miƙe. Baƙin yakan ɗauki watanni kafin sabon farce ya ture shi.