Idan bidiyo ya ƙi tashi a Linux, ga yadda nake bin sawunsa

Ranar wata Asabar da la'asar ƙanwata ta kawo min kwamfutarta, HP EliteBook 840 ta hannu, irin waɗanda ake samu jibge a shagunan titin Beirut a Kano. Furosesarta Core i5 ce zubi na 4. Windows 10 ke kanta, ga shi Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar furosesa mai shekaru irin nata. Sai na ɗora mata Linux Mint, ta tafi tana murna saboda kwamfutar ta yi sauƙi. Bayan kwana biyu ta bugo min waya: "Yaya, abin nan da ka sa min ba ya nuna bidiyo. YouTube yana yi lafiya lau, amma na Facebook baƙi ƙirin nake gani."

Wannan jumla tata ita ce rabin gyaran. Duk wanda ya ce min bidiyo ba ya yi, tambayata ta farko ita ce: a wane shafi, kuma me kake gani a allo? Baƙin allo daban, saƙon kuskure daban, bidiyon da ke tafiya yana tsayawa ga fanka tana ihu shi ma daban. Kowanne da maganinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke goge Linux su koma tsohon Windows da ba ya samun kariya, saboda matsalar da ba ta wuce aikin minti goma ba.

Mu fara da na ƙanwata. Kowane bidiyo da ke intanet a matse yake, kamar kayan da aka ɗaure a ƙunshi, kuma sai da wata 'yar manhaja da ake kira kodek ake kwance shi. YouTube yana aiko da yawancin bidiyonsa da VP9 ko AV1, waɗanda kowa ke da izinin amfani da su kyauta, don haka Firefox yana zuwa da su a jikinsa. Shafuka da yawa kuwa, ciki har da X da Facebook, sun fi dogara da H.264 wajen hoto da AAC wajen sauti. Su waɗannan akwai haƙƙin mallaka a kansu, shi ya sa masu haɗa Linux da dama ba sa cusa su tun farko, sai kai ka nema da kanka. A lokacin girka Mint akwai wani ɗan akwati da aka rubuta Install multimedia codecs a gefensa. Ranar da na yi mata aikin ba mu da data, na tsallake shi da niyyar in dawo, na manta. Wani lokaci Firefox ma yakan faɗa maka ƙarara: No video with supported format and MIME type found. In ka ga wannan rubutun, kodek ne babu.

A Mint, buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

sudo apt install mint-meta-codecs

Zai nemi kalmar sirrinka. Yayin da kake rubuta ta, a Mint taurari za ka gani a madadin haruffan, a wasu nau'o'in Linux kuma ba za ka ga komai a allo ba, ko tauraro ɗaya. Haka tsarin yake, ka rubuta ka danna Enter. In ba ka son Terminal, shiga Menu, sashen Sound & Video, za ka ga Install Multimedia Codecs. Idan Ubuntu, wani nau'in Linux, kake amfani da shi, umarnin shi ne:

sudo apt install ubuntu-restricted-extras

A nan ne mutane da yawa ke maƙalewa. Ana cikin saukewa sai wani shafi ya rufe Terminal da dogon rubutun lasisin haruffan Microsoft, da Ok a ƙasa, ka yi ta dannawa da linzami ya ƙi motsi. Maɓallin Tab za ka danna har Ok ɗin ya haskaka, sannan Enter, ka zaɓi Yes. Na sha ganin wanda ya kashe kwamfuta a wannan gaɓa yana zaton ta daskare, ya bar girkin a rabi. Masu Fedora, shi ma wani nau'in Linux, sai sun ƙara rumbun manhajoji na RPM Fusion tukuna, sannan su musanya ffmpeg-free da cikakken ffmpeg. Kowanne ka yi, rufe burauza gaba ɗaya ka sake buɗewa, don ba ya ganin sabon kodek sai an tashe shi daga farko.

Da ƙanwata ta dawo da kwamfutar, abin da na yi ke nan, bidiyon Facebook ya tashi nan take.

Matsala ta biyu ta masu biyan kuɗin kallo ce, irin Netflix da Prime Video, har da sauraron Spotify ta burauza. Su kamfanonin nan ba matse bidiyon kaɗai suke yi ba, kulle shi suke yi don kada a kwafa. Kullen shi ake kira DRM, mabuɗin da ke aiki a Linux kuma sunansa Widevine, mallakar Google tun 2010. Google Chrome yana zuwa da shi. Firefox kuwa a Linux sai ka ba shi izini: shiga Settings, a sashen General ka gangara ƙasa har ka ga Play DRM-controlled content, ka sa masa alama. Sau da yawa ma Firefox da kansa yake fito da wani siririn layi a saman shafin da maɓallin Enable DRM. Bayan ka danna, ka ba shi minti ɗaya ko biyu ya sauke mabuɗin. Don ka tabbatar, rubuta about:addons a wurin adireshi, shiga Plugins, ka ga Widevine Content Decryption Module yana nan a kunne. In netwok ya yanke ana tsakiyar saukewa, cire alamar ka sake sa ta, zai sake ɗaukowa.

Ka kula da bambancin Chrome da Chromium. Sunansu ya yi kama, tambarinsu ma haka, sai dai na Chromium shuɗi ne. Chromium da ke cikin rumbun manhajoji sau da yawa ba ya ɗauke da Widevine. A Brave akwai shi, amma a kashe yake sai ka kunna a brave://settings/extensions. Idan Netflix ya nuna maka lambar kuskure mai ƙarewa da 7701-1003, maganar mabuɗin nan ce. A Chrome ka shiga chrome://components ka sabunta shi. Sannan ka rubuta uname -m a Terminal. In amsar x86_64 ce, lafiya. In i686 ce, tsarinka mai bit 32 ne, kuma Google ta daina yi masa Widevine, sai dai ka sake girka mai bit 64 in furosesar za ta ɗauka.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Widevine yana da matakai, na Linux shi ne na ƙasa, L3, wanda manhaja kaɗai ke tsaronsa ba wani guntu a cikin na'ura ba. Saboda haka masu fim ba sa sakin mafi kyawun hoto ta wannan hanya. Netflix galibi yana tsayawa a 720p, Prime Video kuma yana ba da hoto na talaka ne, ba HD ba. Babu umarnin Terminal da zai canza wannan, hukuncin daga can yake. Kana cikin kallo a Netflix, danna Ctrl da Alt da Shift da D tare, za ka ga girman hoton da ake turo maka. Ni dai a ganina, a kan allo mai inci 14 wannan rashi bai kai a tayar da hankali ba. Ga lissafin Netflix da kansa, awa ɗaya ta HD tana iya cin giga 3, ta hoto na talaka kuma giga 1. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san wanda zai zaɓa ko ba a tilasta masa ba. Mai babbar talabijin da ke son 4K, gara ya yi amfani da manhajar da ke cikin talabijin ɗin. Duk da haka an samu ci gaba sosai: kafin 2014 Netflix ya dogara ne da Silverlight na Microsoft, wanda ba a yi wa Linux ba, sai an bi ta dabaru masu wahala kafin a ga hoto.

Ta ukun ita ta fi shafar mu masu tsofaffin kwamfutoci, kuma ita na fi daɗewa a kanta. Bayan mako guda ƙanwata ta sake kira: tana kallon wani shiri mai dogon zango na Kannywood a YouTube, hoton yana tsalle, ƙasan kwamfutar ya yi zafi har ba ta iya ɗora ta a cinya, batirin da ke kai awa uku ya koma awa ɗaya da 'yan mintuna. In an ɗauke wuta, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Dalilin shi ne, a cikin na'urar akwai wani sashe da aka ƙera musamman don kwance bidiyo ba tare da wahalar da furosesa ba. Amma kowane zubi da kodek ɗin da ya iya. Intel zubi na 4 ya iya H.264, bai san VP9 ba. Sai daga zubi na 7 aka samu cikakken VP9, AV1 kuwa sai zubi na 11. To YouTube yana turo VP9, sashen nan bai iya ba, sai aikin duka ya faɗa kan furosesa, ita kuma ta yi ta haƙilo. Don ka gani da idonka, danna linzamin dama a kan bidiyon YouTube, zaɓi Stats for nerds, duba layin Codecs. In ka ga vp09 ko av01, ga kuma adadin hotunan da suka zube yana ta hawa, ka kama ɓarawon.

Da farko ka tabbatar Linux yana magana da sashen. Hanyar maganar sunanta VA-API:

sudo apt install vainfo

Sannan ka rubuta vainfo. Zai jero abin da na'urarka ta iya. Nemi layukan da ke ɗauke da H264. In kuskure ya fito maimakon jeri, direba ne babu, wato 'yar manhajar da ke haɗa Linux da sashen. Intel zubi na 4 da waɗanda suka girme shi suna buƙatar i965-va-driver, daga zubi na 5 zuwa sama intel-media-va-driver, masu AMD kuma mesa-va-drivers. Daga nan buɗe about:support a Firefox, gangara zuwa Codec Support Information, ka ga ko an rubuta Supported a gaban H264 ƙarƙashin Hardware Decoding. Mataki na ƙarshe shi ne ka sa YouTube ya riƙa turo abin da na'urarka ta iya. Akwai ƙarin burauza mai suna enhanced-h264ify. Girka shi daga rumbun Firefox, ka toshe VP9 da AV1. Abin da za ka rasa shi ne hoton da ya wuce 1080p, don YouTube ba ya ba da H.264 sama da haka, allon EliteBook ɗin kuma da ma bai wuce nan ba. Da na yi wa ƙanwata wannan, muka sake kunna shirin, na ɗora tafin hannuna a gefen hagu inda iska ke fita. Cikin 'yan mintuna fankar ta lafa har muna jin ƙarar masu sayar da ruwa a waje. Na'ura mai katin Nvidia ta fi wuya a wannan fanni, shi ya sa in ɗalibi ya ce in zaɓar masa ta hannu don Linux, mai Intel ko AMD nake nuna masa.

Sauran ƙananan abubuwa ne. In bidiyon da aka liƙa a cikin shafin jarida ya ƙi fitowa, danna 'yar garkuwar da ke gefen adireshi a Firefox ka kashe kariyar a wannan shafin kaɗai, haka ma mai toshe talla in kana da shi. In wani shafi ya ce burauzarka ba ta dace ba alhali sabuwa ce, yawanci sunan Linux ya gani ya juya baya. Ƙarin User-Agent Switcher yana sa ya ɗauka Windows ne, sai dai ka kunna shi a wannan shafin kawai, kada ka bar shi ko'ina. In kuma shafi ya ce ka sauke Flash, rufe shi. Adobe ta binne Flash tun 31 ga Disamba 2020, duk mai ba ka shi yau ba alheri yake nufinka da shi ba. Ni kan ajiye burauza biyu, Firefox na kullum, Chrome kuma don ranar da wani shafi ya yi taurin kai.

Akwai guda ɗaya da ba ruwansa da bidiyo amma yakan zo da kamarsa. Kwamfutocin hannu da yawa ɗan batirin agogonsu, mai kama da kwabo, ya mutu. Da babban batirin ya ƙare sai kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza ta ga takardun shaidar shafuka ba su dace da ranar ba, ta ƙi buɗe YouTube da komai, Widevine ma ya ƙi aiki. Kafin ka taɓa wani abu, dubi agogon da ke kusurwar allo. In ya kauce, rubuta:

sudo timedatectl set-ntp true

Ka tabbatar yankin lokaci yana kan Africa/Lagos, ko Africa/Niamey in kana Nijar. Batirin kuma, a yawancin na'urori CR2032 ne. Na laftof yakan zo a naɗe da 'yar waya mai kai biyu, don haka ka tafi da tsohon kasuwa a hannunka a ba ka irinsa.