Yadda na gyara fom ɗin PHP da ke isowa babu bayanai

Duk lokacin da aka cike fom ɗin rajista aka tura, sai $_POST, inda PHP ke ajiye bayanan da fom ya turo, ya iso wayam, alhali mahaɗan da ke ɗauke da ?id= suna aiki lafiya ta $_GET, wanda ke karɓar bayanan da ke cikin adireshi. Na duba sunayen gurabe, na kuma ƙara post_max_size, wato iyakar girman bayanan da za a iya turawa, a php.ini, fayil ɗin saitunan PHP, amma babu abin da ya canza. Da na sa a nuna $_SERVER['REQUEST_METHOD'], wanda ke faɗin hanyar da buƙatar ta iso, sai ga GET maimakon POST. Ashe adireshin action, wato inda fom ɗin ke tura bayanai, yana farawa da http://, shi kuwa .htaccess, fayil ɗin saitunan sabar, yana karkatar da shi zuwa https:// da lambar 301, a nan ne burauza ke mayar da buƙatar POST zuwa GET, ta watsar da bayanan. Na mayar da adireshin zuwa action="/rajista.php", babu http:// a farkonsa, na sake loda shafin, na tura, nan take bayanan suka iso. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.