Kurakuran da ke kashe tsohon agogon batir

Agogon batir yana da ƙarko. Tun Seiko Astron na 1969, agogon hannu na quartz na farko da ya fito kasuwa, akwai ire-irensa da har yau suke tafiya daidai. Amma yawancin Seiko da Citizen da alhazai suka sayo daga Makka shekarun baya, waɗanda yanzu matasa ke farauta a kasuwannin Wunti da Muda Lawal na Bauchi, a hannun sababbin masu su suke mutuwa, kuma hanya ɗaya suke bi.

Babban laifin shi ne barin mataccen batir a ciki. Agogo ya tsaya, sai a jefa shi a durowa a ce sai an samu lokaci. Batirin da ya ƙare zubar da ruwa yake yi, zafin Maris da Afrilu kuma yana gaggauta shi. Ruwan zai ci ƙarfen da batir ke zama a kai, ya gangara ya cinye fanel, wato allon lantarkin agogon, ka buɗe ka tarar da farin gari da kore-kore. Haka na rasa Seikon mahaifina, Allah ya ji ƙansa: ya tsaya, aka adana shi a akwati don girmamawa, ranar da aka buɗe babu abin ceto. Fanel ɗin waɗannan agogunan an daina ƙera shi, sai dai ka yanka wani agogon ka cire. Don Allah, in ba za ka ɗaura ba, cire batirin! In kuma ka ga tsinken daƙiƙa yana tsallake biyu-biyu, batir ne ke sallama, canza shi a makon.

Kuma ku daina sayen batir mai lambar da ta fara da LR don arha. Wannan na kayan wasan yara ne, ya fi saurin zuba. Nemi mai SR, mai sinadarin azurfa, volt 1.55, irin SR626SW ko SR920SW, gwargwadon lambar da ka ciro.

Na biyu, ɓalle murfi da wuƙa ko sukudireba. Kusa da batir akwai kwayil, naɗin wayar tagulla da ta fi gashi siriri. Ƙarfe ya zame ya karce ta sau ɗaya, shi ke nan. Na sha ganin mai gyara a bakin titi yana zungurar batir da allura yana hira. Wallahi ba na iya tsayawa in kalla. Ni da hantsakin roba nake ɗaukar batir, domin na ƙarfe yana haɗa fuskokinsa biyu ya zuƙe shi.

Man keken ɗinki ba na agogo ba ne. Ƙarfin injin agogon ɗan kaɗan ne, mai kauri yana riƙe haƙoran, ƙurar hunturu ta zo ta manne. Robar murfi in ta bushe a canza, kafin nan a cire agogon lokacin alwala. Casio kuma kada a bar shi gaban mota a rana, fuskarsa baƙi take yi. Kwanan wata ni ba na juya shi tsakanin tara na dare da uku na asuba.