Yadda Ake Jiƙa Audugar Cikin Bargo Ta Gama Tsukewa Kafin A Ɗinka

'Yan uwa masu ɗinkin bargo da zanin gado na kayan ɗaki, yau kan audugar da ake sawa a tsakiya zan yi magana, don na ga sanyi ya kusa kuma oda ta fara shigowa. Auduga dai halinta ne in ta sha ruwa karon farko sai ta tsuke, zalla takan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. A baki kamar ba komai ba ne, amma ki ɗauki tef ki lissafa, bargon gado shida da shida mai inci 90 zai iya rasa inci 4 da wani abu a wanki ɗaya, sai ki ga ya ɗage ya bar gefen katifa a waje, saman kuma duk ya yamutse, uwar amarya ta dawo miki da shi tana cewa kin ci mata yadi.

Kafin ki taɓa ruwa ki fara sanin wace auduga ce a hannunki, nan ne duk maganar take. Akwai wadda ake sayarwa a naɗe kamar tabarma, inji ya riga ya caccake ta da allurai ta kama jikinta, wasu ma har da wata 'yar shara-sharar raga a jiki, wannan ita ce ake jiƙawa. Akwai kuma tamu ta gida, wadda aka gurje aka saɓe irin ta masu katifa da filo, mu nan Gombe ai ba baƙuwarmu ba ce, garin da har unguwa guda ake kira BCGA saboda kamfanin gurzar auduga na zamanin Turawa. Toh wannan sakakkiyar dan Allah kar ki jiƙa ta ita kaɗai. Ni na yi, ban ma tsaya a jiƙawa ba har da cuɗawa kamar ina wankin yunifom ɗin yara, wallahi da na tsamo ta gudaji-gudaji ta fito kamar tuwon da bai tuƙu ba, ƙarshenta filo na cusa ta. Ita kam faiba ta roba kusan ba ta tsukewa, ki bar ta yadda take.

In ba ki gane wace iri ce ba, yanki ɗan ƙyalle inci 10 kowane gefe, ki jiƙa ki shanya ki sake aunawa. In ya koma wajen 9 da rabi kuma bai wargaje ba, shikenan sai ki yi wa babbar.

Ki sami babban baho mai tsafta, ki zuba ruwa mai ɗumi sosai, ba tafasasshe ba, wanda hannu zai iya shiga ya ɗan zauna, zafin ne ke ƙara sa zaren ya tsuke don haka ruwan randa ba zai yi aikin sosai ba. In audugar mai ɗigo-ɗigon baƙi ce a jiki, ɓurɓushin angurya kenan, yana da mai kuma yakan iya ɓata farin yadi, sai ki ɗiga sabulun ruwa kaɗan, kaɗan fa, don ɗauraye auduga aiki ne. Ki warware ta ki ninka sako-sako ki kwantar cikin ruwan, ki dinga dannawa da tafin hannu har ta nutse, da farko za ta yi ta tasowa sama tana ƙin shan ruwa, ki yi haƙuri da ita. Daga nan ki bar ta minti 20. Ba cuɗawa, ba juyawa da muciya, kuma ki ja kunnen yaran gidan don su sun ga baho da ruwa wasa ya samu.

In lokaci ya cika kar ki ɗago ta ta gefe ɗaya, jiƙaƙƙiyar auduga nauyi ne da ita kamar me, ki ja ta sai ta yage ko ta yi sirara a wani wuri. Karkata bahon za ki yi ruwan ya zube tana ciki, ki danne ta da hannu biyu. In kin sa sabulu ki sake zuba ruwa ki danna ki zubar, har kumfa ya ɗauke. Sai ki tallafo ta gaba ɗaya ki ɗora kan babban tawul ki naɗe su tare ki hau da gwiwa, tawul ɗin zai tsotse sauran ruwan. Murɗawa irin ta matse zani babu ita sam.

Shanya kuma a kwance, ba a igiya ba, igiya za ta sa nauyin ruwan ya ja ta ƙasa, tsukewar da kika wahala a kai ta koma miƙewa a karkace. Ki shimfiɗa tsohon zanin gado kan tabarma ko siminti ki baje ta, ki gyara kusurwoyin da hannu. In hunturu ya riga ya shigo ki rufa mata wani zanin a sama saboda ƙura, in ba haka ba fara za ta koma ruwan ƙasa kafin la'asar. Gefe ɗaya ya bushe ki juya. Ki tabbata ta bushe ƙarau har cikinta, ki cusa yatsa tsakiya ki ji, don in kika rufe ta da yadi da sauran danshi warin funfuna ne zai biyo baya kuma turaren wuta ba ya korar shi.

Yadin sama da na ƙasa ma ki wanke su daban ki goge, musamman atamfa mai zuba, tunda su ma auduga ne kuma suna tsukewa. Kuma sai bayan ta bushe za ki yanka, ki bar rarar inci 3 ko 4 kowane gefe, keke yana cin nasa wajen ɗinki.

Ita kuwa sakakkiyar audugar gida, ki shimfiɗa ta a bushe tsakanin yaduka, ki yanka bargon da ɗan ƙarin girma, ki bi shi da layin ɗinki kusa-kusa kamar inci 2 tsakani don kar ta tattaru wuri ɗaya, wankin farko sai bayan an gama. Zai fito da 'yar tattara a jiki, wasu kwastomomin ma ita suke so, amma ki gaya musu tun ranar da suka kawo yadi.